Abin da Ban Gaya wa Ya Kyari Ba

Direban da ya kwaso mu daga Arlit ya tsayar da mota a tsakiyar rairayi da hantsi, ya nuna mana wani baƙin abu can nesa, ya ce ga Aljeriya nan, tafiyar shan shayi ɗaya ce, mu taka da ƙafa don shi ba ya iya matsawa saboda soji. Muka sauka kamar tumaki. Ƙarya yake yi, kuma Allah ya isa tsakanina da shi har gobe. Baƙin abin tsohuwar tayar kamiyo ce, babbar motar kaya, da wani ya kafa a kan tudu. Sai da muka wuni cur muna tafiya, ruwan jarkarmu ya koma na shayi don zafi, kafin muka hangi gidajen In Gezam.

Mu biyu ne daga gidanmu, ni Bukar da wana Ya Kyari, wanda ya ba ni shekara tara. Asalinmu wani ƙauye ne a bakin Komadugu, wajen Geskeru. Shi manomin tattasai ne. Ni kuwa na ɗan yi lakwal, wato boko, har kwalej, na watsar, na kama kabu-kabu a cikin garin Difa. Da rikici ya zo sai aka hana babur, taki ya yi wuya, man injin ban ruwa ya zama abin tuhuma, ga shi gonar tana daidai inda mutanen daji ke ƙetarowa. Muka koma zaman rumfar tabarma da leda a bakin kwalta, mu da Iyarmu, muna jiran ranar rabon abinci. Namiji da ƙarfinsa ya zauna yana jiran rabo, abin nan ya ci mini rai ƙwarai, kuma ni ne na matsa sai mun tafi.

Sai na faɗi yadda Ya Kyari yake kafin a gane sauran labarin. Ranar da aka shiga ƙauyenmu da la'asar ne, ina Difa. Shi da Iya suna cikin ɗaki, matarsa Falmata tana tsakar gida tana daka, goye da jaririya. Da harbi ya tashi ya ƙwala mata kira ta shigo, ita kuma ta firgita ta yi waje, ta nufi kogi. Waɗanda suka kwanta a ɗaka sun rayu. Falmata da ɗiyar, washegari aka tsince su a cikin gonar albasa. Tun daga ranar gidanmu ya samu doka guda: in ka ji ƙara ka shiga ɗaki, ka ja ƙofa, ka kwanta rub da ciki a jikin bango. Duk Difa haka ake yi, yaron da bai iya sa wando ba ma ya san wannan. Amma a wajen Ya Kyari abin ya wuce doka, ya shiga jini. Ko tayar mota ta fashe sai ka neme shi ka rasa. Barci kuwa ya yi ƙaura daga idonsa.

Shi ya sa da za mu taho Iya ba ta ce wa babba ya kula da ƙarami ba. Ni ta ja gefe ta ce, "Bukar, kai ne ƙane, amma kai za ka riƙe shi. Ka mayar mini da shi." Na ce to, kamar an aike ni kasuwa.

A Tamanrasat muka yi wata huɗu muna dakon yashi. Nan wani ɗan ƙasarmu, mai farar shadda da bakin zuma, ya sayar mana da kati mai hoto da hatimi, ya rantse da shi za mu wuce kowane shinge. Muka riƙa ɓoye shi a cikin safa kamar laya. Sai wata rana wani mai butik, wato ɗan kanti, ya karanta mini shi yana ta dariya har da hawaye, wai katin shiga gidan wasan ƙwallo ne, gidan ma an daɗe da rufe shi. Na nemi mai shadda kwana uku da ƙaton dutse a aljihu, Allah ya taimake shi ban gan shi ba. Mai butik ɗin dai ya ji kunyar dariyarsa, ya ba mu burodi biyu da gwangwanin kifi, ya ƙi karɓar komai.

Ya Kyari yana da wata ɗabi'a ta manoma. Duk inda muka sauka sai ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗanɗana. A bayan Tamanrasat akwai duwatsu baƙaƙe ƙirin, tsaye cirko-cirko. Ya ɗauki ɗaya mai huji-huji, ya juya shi, ya ce wannan ƙasa an taɓa ƙona ta. Wani Buzu da muke aiki tare ya ce ai gaskiya ne, tsaunukan nan da can wuta suke fitarwa daga ciki. Ya Kyari ya yi murmushi ya ce Buzaye akwai tatsuniya. Ni ma a lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Daga nan muka yi arewa, mota bayan mota, wani wuri a ƙarƙashin buhunan albasa. Ba zan tsaya faɗin sunan da yara suke kiranmu da shi a titi ba, ko yadda mace take janye jakarta in ka zauna kusa da ita. Mun dai isa wani ɗan gari a cikin tsaunuka, kusa da teku, inda aka ce ana neman leburori a shantiye, wato wurin aikin gini. Gini ne mai hawa huɗu ake tayarwa a gefen gari. Mu baƙi, da wasu ƴan Mali uku, aka ba mu wani ɗaki a ƙasan ginin mu riƙa kwana, ƙofarsa fallen kwano ne. Sanyi ya ci ƙaniyarmu a ɗakin nan. Na yi kewar zafin Difa, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na yi kewar ƙaurin tattasai in an shanya shi, wanda da nake zagi don yana sa ni atishawa. Wake da burodi, wake da burodi, har na riƙa mafarkin miyar busasshen kifi.

Amma shi Ya Kyari, wani abin mamaki, garin ya karɓe shi. Ya fara barci. Wallahi ranar da na fara jin minsharinsa da safe sai da na zauna ina kallonsa kamar wawa. Ya yi kumatu. Yana cuɗa siminti yana ƴar waƙarsa ta Barebari. Babu abin da ake ji a garin sai zakara da ladan da ƙarar injin kwaɓa. Ya samu wani gwangwanin fenti ya shuka tattasai a ciki, da irin da ya ƙullo a bakin rawaninsa tun daga gida. Wata rana muna zaune ya daddaɓa ƙasa da tafin hannu ya ce, "Bukar, mutane sun canza mini, kogi ma ya canza mini. Wannan ce kawai ban taɓa jin ta yi wa wani ƙeta ba." Na ce haka ne, Yaya.

Kusa da shantiyen akwai gidan wani tsoho da kowa ke kira Ammi Salah, wato Baffa Salah. Tsohon malamin lakwal ne, yana zaune shi kaɗai da itatuwan ɓaure da zaitun. Shi ne mutum na farko a ƙasar da ya tambaye ni sunana kuma ya riƙe shi. Da ya ga ina jin Faransanci sai ya riƙa kirana bayan sallar Juma'a mu sha gahawa a ƙofar gidansa. Ya Kyari yakan zo ya zauna, amma ba ya jin ko kalma, sai dai su yi ta yi wa juna murmushi da "Alhamdu lillahi". Duk abin da ya wuce tsakaninsu, ta bakina yake bi.

Wata Juma'a Ya Kyari ya ce in tambayi tsohon, me ya sa mutanen nan suke ɓarnar ƙarfe haka a gini? Ginshiƙi ɗaya sai a cusa masa rodin da zai isa gida guda a Difa. Na tambaya ina dariya. Ammi Salah bai yi dariya ba. Ya ce in da ana sa ƙarfen yadda ya kamata a ko'ina, da ƙanwarsa da ƴaƴanta biyu suna raye. Girgizar ƙasa ce ta rufe su a wani gari, shekarun baya.

Ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar taswira da burodinsu mai faɗi irin na kasko. Ya karya burodin gida biyu ya ajiye a kan tebur. Ya ce ƙasar da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce, ɓawo ne a tsattsage, manyan faranta-faranta, kuma ƙarƙashinsu dutse ne mai zafin da ya sa shi laushi, yana motsi a hankali yana jan su. Sai na tuna da lakar Komadugu in ruwa ya janye, yadda samanta ke bushewa ya rarrabe alhali ƙasanta da taushi. Ya ce wannan ɓarin shi ne Afirka, wancan Turai da Asiya, kuma namu yana turawa arewa, a hankalin da ko farce ya fi shi saurin tsiro. Ya sa hannu ya tura ɓari biyun suka haɗu. Suka cije. Ya ci gaba da turawa, bakin ya fara tanƙwarewa yana tudu, ya ce ga tsaunukan garin nan. Ya ƙara ƙarfi, sai ɗaya ya suɓuce fat, ya hau kan ɗayan, ɓarɓashi ya watsu har cikin kofina. Ya ce to wannan suɓucewar ita ce girgiza. Shekaru aru-aru ana cije, a saki cikin ƙiftawar ido.

Na tambaye shi zancen Buzun nan na tsaunuka masu wuta. Ya ce Buzu bai yi ƙarya ba, na Tamanrasat dai sun daɗe da mutuwa. Amma a ƙetaren tekun nan, wajen Italiya, inda wani faranti ke nutsewa ƙarƙashin wani, dutse yana narkewa a can ƙasa ya nemi tsaga ya fito, kuma har yau akwai tsaunukan da ke hayaƙi. Na ce to mu a Difa me ya sa ko kakanninmu ba su san wannan ba? Ya nemo tafkin Cadi a taswira ya ɗora yatsa, ya ce ku kuna zaune a tsakiyar faranti ne, mu kuwa a bakinsa muke. Sannan ya kama hannuna ya ce in saurara da kyau. In ta same ka a waje, ka tsaya a waje, ka yi nesa da bango. Ginin da kuke ciki kuwa bai gama kama jikinsa ba, kada wanda ya kusance shi. Ya nuna Ya Kyari da haɓa ya ce, ka gaya wa ɗan'uwanka.

Ya Kyari yana zaune yana tsintar ɓarɓashin burodin yana ci. Ya tambaye ni me tsohon yake yi da abinci haka kamar yaro. Na dube shi. Na ga kumatun nan, na tuna da minsharin nan. Mutumin da ya yi shekaru bai runtsa ba, ya ƙetare hamada ya samu abu ɗaya tak da ya yarda da shi, ni kuma in buɗe baki in ce masa ita ma tana motsi? Na ce a raina wata nawa ne ma za mu yi a nan, abin da ake shekaru ba a gani ba. Sai na ce masa, wai yana nuna mini yadda ake gane burodi mai kyau ne. Ya ce to ka gaya masa namu na gida ya fi. Muka yi dariya, tsohon ma ya taya mu bai san me ake wa dariya ba.

Allah ya ba ni dama ta biyu, na sake watsar da ita. Wata safiya muna shan shayi sai na ga ruwan kofin yana rawa shi kaɗai, kwanon ƙofa ya yi ɗan kaf-kaf ya tsaya. Ya Kyari ya ɗago ido a firgice yana kallona. Na ce kamiyon yashi ne ya wuce ta baya. Ya saki numfashi ya ci gaba da shan shayinsa. Babu wani kamiyo, ni na sani.

Ranar da abin ya faru, kwana biyu ke nan da zuba dakalin hawa na farko, wato rufin siminti, a ɓangaren da ɗakinmu yake, simintin bai bushe ba, sanduna ne ke tokare da shi. Da azahar muna waje a kan tarin yashi muna cin wake, nesa da komai, wurin da ko an so ba abin da zai faɗo mana. Karnukan unguwa suka ɓarke da haushi. Sai wata ƙara ta taso daga ƙarƙashinmu, mai nauyi, irin ta manyan bindigogin da mukan ji daga wajen kogi. Ƙasa ta zame mini a ƙarƙashin ƙafa. Larabawan da muke aiki tare da ƴan Malin duk suka ruga tsakiyar fili.

Ya Kyari ya damƙi wuyan hannuna. "Bukar, ɗaki!"

Na fizge hannuna. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ba ni da wata hanyar faɗinsa. Na fizge, na buɗe baki in gaya masa, amma me zan gaya masa a cikin wannan lokaci? Burodi? Faranti? Abin da ya fito kawai shi ne sunansa. Shi kuwa ya riga ya kai ƙofa, yana gudu yana tangaɗi. Ya juyo ya yafuto ni da hannu, fuskarsa duk tsoro, kuma tsoron nawa ne, don a ganinsa ni ne na tsaya a waje kamar Falmata. Ya ƙara kirana sau ɗaya. Sannan ya shiga ya ja kwanon.

Girgizar ba ta kai tsawon karanta Fatiha ba. A duk garin bango ne ya tsage nan da can, tukwane suka faɗo, ba wanda ya rasa ransa. Dakalinmu ne kawai ya rufta. Mun yi tono da hannu da shebur har la'asar, Ammi Salah da tsufansa yana kwasar bulo, farcena biyu suka cire ban ji ba. Muka same shi rub da ciki a jikin bango, hannuwansa a kan ƙeya, daidai yadda ake yi a gida. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Mai ginin ya zo yana zufa, damuwarsa kada hukuma ta ji baƙo marar takarda ya mutu a wurinsa. Na ɗauki shebur na yi kansa, ƴan Mali suka riƙe ni. Ammi Salah ne ya tsaya, ya je wurin liman da wurin hukuma, ya yi ta kai da kawowa har aka yarda a rufe shi a maƙabartar garin. Shi ya ba da likkafani. Mutanen da ba su taɓa amsa sallamarmu ba suka cika sahu uku, ban san yadda zan ji da su ba. Da muka dawo daga maƙabarta, tsohon ya zaunar da ni a ƙofar gidansa, ya tambaye ni a hankali ko na gaya wa Ya Kyari. Na sunkuyar da kai. Bai ƙara tambaya ba, ya dai ɗora hannu a kafaɗata. Da ya mare ni da na fi jin daɗi.

Ban yi wata guda ba aka kama ni a wani samame, kuma ko gudu ban yi ba. Aka loda mu a motoci aka yi kudu da mu. Muka sake wucewa ta baƙaƙen duwatsun Tamanrasat, na kau da kai. Asamaka, Agadas, Damagaram, Maine, har Difa. Gwangwanin tattasansa yana can wajen Ammi Salah, ya fara fure lokacin da na bar shi. Abin da na dawo da shi kawai hularsa ce.

Iya ta riga ta ji ta waya cewa gini ya faɗa masa, iyakar abin da ta sani ke nan. Na same ta a rumfarmu ta bakin kwalta, an ɗan ƙara mata bangon laka. Ta rame har na kusa wuce ta. Ta karɓi hular ta ajiye a cinya. Ba ta ce ina amanar da na ba ka ba, ko da wasa. Bayan mutane sun watse ta ce in faɗa mata yadda aka yi. Na ce wata ƙara ce ta tashi da rana, mai ƙarfi. Ban kai ga sauran ba ta tare ni.

"Da ya ji, ya shiga ɗaki?"

Na ce, "Ya shiga, Iya."

"Ya kwanta?"

"Ya kwanta."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta shafa hular. Ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Ɗana ya yi abin da ya kamata. Sauran na Allah ne." Na ga yadda maganar ta sanyaya mata rai, sai na sake yin shiru. Na san wannan shirun, na taɓa yin irinsa, na kuma san abin da ya jawo. Amma na yi.

Kwana shida da dawowata, da rana tsaka, ina tsaye a ƙofar rumfa, wata ƙara ta tashi daga wajen gada. Kafin ka ce me, layinmu ya zama wayam, ko akuya babu. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi gaba suka ƙi baya, na rasa ta sama ce ko ta ƙasa. Sai na ji busasshen hannu ya damƙi wuyan hannuna, daidai wurin nan.

"Bukar, ɗaki!"

Wannan karon ban fizge ba. Na bi Iya, na ja ƙofa, na kwanta kusa da ita a jikin bango. Tana ta salati ƙasa-ƙasa tana sauraren waje. Ni kuma na manna kuncina da ƙasa, ina sauraren ƙasar, har aka daɗe da yin shiru ban tashi ba.